Tunkiyar da Na Bari a Bayan Edinbara

Greensboro, ranar Talata bayan La'asar.

Zuwa ga Uwata, Hadiza.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba. Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki a sama da ƙasa, ya sa ƙafarki ta sauka a kan alheri. Amin.

Shekara bakwai ke nan ina yin tambaya ɗaya a gidan nan, ba wanda ya ba ni amsa. In na ɗauko maganar tunkiyata a kan abinci, yayanki ya sunkuyar da kai kan wayarsa, uwarki ta ce a bari a gama ci, ke kuma ki ce “Oke, Baba” da muryar nan da likitoci ke yi wa tsofaffi. Ban yi lakkwal ba, wato boko, amma na san lokacin da ake lallashina. Shi ya sa na ƙetara titi na zo gidan Malam Bitrus. Shi tsohon malamin makaranta ne, ina faɗa yana rubutawa, kuma ya yi mini alkawari ba zai gyara ko kalma ɗaya ba. Matarsa Anti Rifkatu tana jin mu daga kicin, ita ce shaida. Ba zan ƙara damƙa wa ɗan gidana takarda ba, za ki ji dalili in kin karanta zuwa ƙasa. Na san karatun Hausa yana ba ki wuya. Ki bi a hankali, ba kora ake yi ba.

Jibi za ki tashi zuwa Edinbara karatu, kowa yana ba ki shawara, har waɗanda ba su taɓa wuce Charlotte ba. Mu uku ne kawai a gidan nan muka taka ƙasar Sikotilan, lokacin da aka kira yayanki taron aikinsu ya ɗauke ni da uwarki mu yi yawon buɗe ido. Shi ɗakin taro ya gani. Uwarki kantuna ta gani. Ni na ga ƙasar, kuma na yi wauta a cikinta fiye da sau ɗaya. Zan faɗa miki su duka, don kada ki maimaita.

Tun a nan gida na fara. Yayanki ya sayo mini jaket mai kauri da takalmi sau ciki, na ce ya mayar. Na ce sanyin Greensboro na shekara da shekaru bai kashe ni ba, ba zan shiga garin mutane kamar buhun gawayi ba. Na sa babbar rigata shuɗiya, na ɗauki lema. Uwata, ruwan ƙasar nan ba ya saukowa daga sama kamar ruwan mutane. Daga gefe yake zuwa. Ban yi taku hamsin daga masauki ba iska ta juye lemar ta koma kamar ƙwarya, rigar ta sha ruwa ta yi nauyin mutum. Kafin Azahar sama ta canja fuska sau huɗu, rana, ruwa, rana, ruwa, su kuwa mutanen garin tafiyarsu suke yi ko a jikinsu. Washegari na sa jaket ɗin a ƙarƙashin riga, ban ce wa kowa komai ba. Ki bar lema a gida. Ki sayi rigar ruwa mai hula da takalmin da ba ya jin laka. In wanda ya riga ki sanin wuri ya ba ki abu, ki karɓa, ko da ɗanki ne.

Garin kuwa, ban taɓa faɗa a gida ba, yau zan faɗa: ban ga irinsa ba. Tsohon garin a kan ƙashin bayan dutse aka gina shi, gidajen baƙin dutse bene kan bene, da lunguna matsattsu masu gangarowa kamar na cikin birnin Damagaram, sai dai waɗannan matakala gare su. A can ƙarshe, inda dutsen ya yanke, fadar sarakunansu na dā ta zauna, ba ka gane inda dutse ya ƙare inda gini ya fara. Daga samanta ana hango teku, ana hango wani tudu kore da ya kwanta a tsakiyar gari kamar raƙumi ya durƙusa. Ina tsaye a wurin zuciyata tana cewa tsarki ya tabbata ga Allah, bakina kuwa cewa ya yi, “Dutse ne dai, mu ma muna da shi.” Don me? Don kada yayanki ya ji daɗi ya ce ya nuna wa ubansa duniya. Uwarki ta ce, “Alhaji, matso a ɗauke mu.” Na ce ni ba ɗan yawon hoto ba ne. Ga shi yau hoton yana falo, ita kaɗai a tsaye, da wuri a gefenta babu kowa. Duk wanda ya shigo sai ya tambaya ko ni na ɗauka. In abu ya burge ki, ki faɗa a lokacin, a gaban wanda ya kai ki. Ba ya rage miki komai.

Af, kuma da ƙarfe ɗaya na rana suna harba igwa daga saman fadar don mutane su saita agogo. Ba wanda ya gaya mini. Na kwanta rub da ciki a gaban Turawa da Sinawa, hulata ta gangara. Ga Bitrus nan yanzu yana dariya har biro ya faɗi. Rubuta, Malam, ai kai ma da ka kwanta.

A babban titin tsohon garin na ga ƙato, gemu har ƙirji, ya ɗaura zanen mata iya gwiwa, yana busa wata algaita mai jaka a hammata. Na yi dariya har na riƙe kafaɗar uwarki. Ina cikin dariyar sai na ga wata ’yar yarinya tana jan hannun uwarta tana nuna ni, wai ga namiji da rigar mata. Mai algaitar ya gani. Bai daina busa ba, ya dubi rigata daga wuya har ƙasa, ya dubi zanensa, ya gyaɗa mini kai kamar yadda manya biyu ke gaisawa a taron suna. Dariyar ta maƙale mini. Kayan kakanninsa ya sa, ni ma na kakannina na sa. Kada ki yi wa mutanen nan dariya, Uwata, kuma kada ki cire ɗankwalinki don wani ya kalle ki. Mutane ne da suka san darajar kayan gado.

Wani abu kuma. Duk wanda zai sauka daga bas a garin nan sai ya ce wa direba ya gode, yaro da babba, har mashayi. Ni shekara nawa ina hawa bas daga tashar cikin gari zuwa masana'antar da na yi dako, ban taɓa yi ba. Tun da na dawo nake yi. Direbobin nan suna kallona kamar zan roƙe su wani abu. Su ta shafa. Ke dai ki yi. Kuma motocinsu ta hagu suke bi, ki dubi dama kafin ki sa ƙafa a titi, uwarki ce ta fizgo ni ta wuyan riga.

Yanzu na zo kan maganar da ta sa na zauna a kujerar Bitrus.

Ranar da ta rage kwana biyu mu dawo, yayanki ya sa mu a motar ’yan yawo mu ga ƙauye. Lokacin bazararsu ne, lokacin haihuwar tumaki. Muna fita daga gari na manne da gilashi. Ke a nan aka haife ki, ba za ki gane abin da ciyawa take nufi ga mutumin Dakoro ba. Na yi ƙuruciyata ina kora tumaki kwana da kwanaki don neman abin da zai cika musu baki. A can kuwa tun daga bakin titi har kan tudu kore ne shar, ruwa yana gudu a kowane kwari ba mai tsaronsa, ba rijiya, ba guga, ba faɗa. Katangun dutse sun hau tuddai sun sauka, ba siminti ba laka, dutse ne kawai aka ɗora kan dutse, kuma iskar da ta karya mini lema ba ta kayar da su ba. Wanda ya yi wannan aiki yana da haƙuri. Ga tumaki ko'ina, baƙar fuska, gashi har ƙasa, matan ma da ƙaho. Ba su da tsayin balami, ba su da kyan uda, amma ƙirjinsu faɗi, ƙafa gajera mai ƙarfi. Kin san duk Layya ni ake ɗauka zuwa gonakin bayan Summerfield in zaɓa wa jama'a raguna. Ban taɓa ganin dabbar da ta dace da ƙasarta kamar waɗannan ba.

Motar ta tsaya a wani ƙaramin gari a ga kangon wata tsohuwar coci ta jan dutse. Aka ce awa ɗaya. Uwarki da yayanki suka bi mai bayani. Ni me zan yi da kango? Na hango garke a kan tudu, na bi hanya na haura ban gaya wa kowa ba. Wannan ma wauta ce, kada ki yi ta. Na iske ƙyauren ƙarfe a jikin katanga, na buɗe na shiga, na bar shi a buɗe. A dajinmu wa ya taɓa ganin ƙyaure? A ƙasar nan ba a hana mutum ratsa gonar wani, amma ƙyauren da ka samu a rufe, ka rufe shi a bayanka. Ki riƙe wannan ko da kin manta sauran.

A gindin katanga na ga wata tunkiya a kwance ita kaɗai, tana nishi, tana ɗaga kai tana mayarwa. Tun daga nesa na san naƙuda ce ta tsaya. Da na matsa, kan ɗan ya fito, harshe ya kumbura, ƙafa ba ko ɗaya. Ban yi shawara da kowa ba. Na naɗe hannun riga na ɗora a kafaɗa, na yi bisimilla, na durƙusa cikin laka. Na mayar da kan a hankali, na laluba na samo ƙafafun, na jawo. Namiji, ya faɗo yana atishawa. Na sake sa hannu, akwai na biyu.

Ina cikin haka na ji ido a kaina. Kare ne, baƙi da fari, ya kwanta a ciyawa ya kafe ni da ido, ba haushi ba motsi. Na laluba dutse da hannun hagu na ɗaga. Sai ga ƙarar babur mai ƙafa huɗu, wani tsoho a kai, fuska ja kamar gauta, yana ta ihu yana nuna ƙyauren. Ashe tumakinsa sun bi ta inda na bari sun fantsama kan titi. Turancinsa ba irin na nan ba ne, ko kalma ɗaya ban kama ba, amma zagi ba ya buƙatar tafinta. Ya diro yana zuwa, sai ya ga hannuna a cikin tunkiyarsa. Ya daina ihun. Na saki dutsen. Ya durƙusa ya riƙe mata kai.

Ta biyun mace ce, ta fito ba ta numfashi. Na share mata hanci, na miƙa hannu zan tsinko ciyawa in sosa mata cikin hancin, sai hannuna ya ci karo da nasa. Shi ma ciyawar ya je tsinkowa. Muka dubi juna. Uwata, daga Dakoro zuwa wannan tudu tafiyar nawa ce? Ubansa bai san ubana ba, amma abu ɗaya suka koya mana. Ya janye hannu ya bar mini. Na sosa, na ɗaga ta ta ƙafafun baya na kaɗa, ta yi atishawa, ta yi kuka. Muka kai ta bakin uwar, muka tsaya har ta kama nono ta sha dakashi, nonon farko.

Sannan ya tashi ya sa yatsa a baki ya yi fito. Karen nan da na so jifa ya tashi kamar kibiya, ya fita ta ƙyaure, ya zagaye tumakin da ke titi. Fito ɗaya ya yi dama, fito biyu ya kwanta, wani fiton ya taso su a hankali, bai ciji ko ɗaya ba, har suka shige. Aikin da ni da ƙannena uku mukan yi muna gudu muna zage-zage, dabba ɗaya ta gama shi kafin in goge hannu. Ban ce ki rungumi kare ba. In ya taɓa miki kaya ki wanke ki yi sallarki. Amma kada ki raina abin da ba ki ga aikinsa ba tukuna.

Tsohon ya dafa ƙirji ya ce Hamish. Na dafa nawa na ce Garba. Ni dai Hamisu nake ce masa. Su a can da fenti suke yi wa tumaki shaida a kan gashi. Ya ɗauko gwangwanin shuɗin fenti daga babur, ya fesa tasa shaidar a jikin namijin, sannan ya miƙo mini gwangwanin ya nuna macen. Na zana mata shaidar gidanmu, ƙafar zabo, layi uku da suka haɗu a wuri ɗaya, wadda kakana yake yi wa dabbobinsa. Ya duba, ya nuna ta, ya nuna ƙirjina, ya ce tawa ce. Wannan kalmar kam na san ta, zamana a Amurka ba a banza ba. Na sa hannu a aljihu na fito da goro, na raba biyu, na ba shi rabi. Ya tauna. Fuskarsa ta tattare kamar tsohuwar jaka, idonsa ya kawo ruwa, amma bai tofar ba. Ya haɗiye yana kallona.

Ku kuna cewa wasa ne irin wanda ake yi wa baƙo. To bari in gaya miki abin da wannan yake nufi a inda aka haife ni. In mutum ya ba ka dabba kana kan hanya, ka sa mata shaidarka ka bar ta a hannunsa, ta zama kiwo. Daga ranar ba ya sayar da ita, ba ya yanka ta, ita da abin da ta haifa, sai ya ji daga bakinka. Kai kuma naka shi ne ka zo ko ka aiko, da ɗan kanwa na dabbobi, ka gaishe shi, ka ce wannan naka ne, wannan a bari. Wanda ya yi shiru ya ɗaure mutum da igiyar da ba a gani. Ina saurayi wani mutumin Agadas ya bar wa ubana tunkiya haka ya tafi. Aka yi fari, namu suna mutuwa, gida ba abinci, kakarki da kika ci sunanta tana kuka tana cewa a yanka ɗaya daga cikin na baƙon. Ubana ya ce ba nasa ba ne. Har ya rasu yana tambaya ko an ji labarin mutumin. Na tsine wa wannan mutum ban san iyaka ba. Yau shekara bakwai ni ne shi.

Hamisu ya ɗora ni a bayan babur zuwa gidansa. Matarsa, tsohuwa ita ma, ta ba ni ruwan ɗumi da sabulu, ta zaunar da ni kusa da murhu, ta kawo shayi da miya mai tururi. Na sha shayin, na ture miyar da bayan hannu, don ina tsoron alade. Ta yi ta bayani tana nuna karas da albasa a kan tebur, na kau da kai. Daga baya na gane cewa take yi ba nama a ciki. Na ga yadda ta ɗauke kwanon. Har yau yana damuna. Ba na cewa ki ci abin da ba ki sani ba. Ki tambaya tukuna, in ba ya ciyuwa ki sa hannu biyu ki mayar, da godiya.

Da zan fita ta ɗauko wata ’yar takarda ta rubuta wani abu ta miƙo mini. Na mayar mata, na ƙwanƙwasa goshina da yatsa. Ni da na kora garke daga Dakoro har Kano ba taswira, takarda za ta nuna mini hanya? Haka na ce a raina. Hamisu ya sauko da ni gari a motarsa. Motar ’yan yawo ta gaji da jira ta tafi, uwarki tana zaune a bakin kango ido ya yi ja, yayanki yana magana da ɗan sanda. Da ya gan ni, riga duk jini da laka, bai tambaye ni komai ba. Ya yi ta ba Hamisu haƙuri kamar an kamo masa mahaukaci, ya tura ni cikin tasi. Na ce, “Tsaya ka fassara mini magana biyu.” Ya ce, “Baba, don Allah, ya isa.” Ta gilashin baya na ga Hamisu ya ɗaga hannu. Rabuwarmu ke nan, ba sallama.

Sau uku a shekarun nan na zaunar da yayanki na faɗa ya rubuta wa Hamisu wasiƙa da Turanci. Kowace na zana ƙafar zabo a bayan ambulan da hannuna. Kowace ya ce ya kai gidan waya. In na tambaya, sai a ce wasiƙar ƙetare tana daɗewa. Na riƙa tsayawa a bakin akwatin wasiƙa har mai kawowa ya san ni. Na fara jin haushin Hamisu, ina cewa ashe shi ma Bature ne kamar saura.

Ranar Asabar da ta wuce uwarki ta aike ni gareji in ɗauko miki tsohuwar balis ta yayanki, jakar tafiyarsa. A aljihun cikinta na ji takarda. Ambulan uku, kowace da ƙafar zabona. Na kawo wa Bitrus. Ya juya su, ya cire tabarau, ya ce, “Alhaji, waɗannan ba su taɓa ganin gidan waya ba. Ko kan sarki babu.” Na ce me aka rubuta a gaba? Ya ce, “Hamish.” Na ce sai me? Ya ce, “Shi ke nan.” Anti Rifkatu ta leƙo ta ce, “To Alhaji, ina yaron zai aika? Kai ka ba shi adireshi?” Na ce mata ba da ita nake ba. Amma na ji.

Takardar da tsohuwar ta miƙo mini, adireshin ke nan. Ni na mayar. Bitrus, rubuta shi da kyau, ba zan sake faɗa ba: laifina ne. In an ba ki takarda ki karɓa, ko kina ganin kanki ya fi ta. Amma wannan bai wanke kowa ba. Da an ce mini, Baba, ba mu san inda za mu aika ba, da tun shekarar farko na nemi wata hanya. Sai aka zaɓi a bar ni ina tsaye a bakin akwati, ina zargin mutumin da bai yi mini komai ba sai alheri. Ban yi wa yayanki magana ba. Ba a san ni da tsayawa cacar baki da ɗan fari ba, ko sunansa ba na kamawa. Shi ya sa nake gaya miki.

Ga hanyar, tana nan a kaina kamar jiya, wannan kam ban yi ƙarya ba. Ki hau motar da ke yin kudu daga Edinbara da safe, rana tana hagunki. Tafiyar ba ta kai awa biyu ba. Za ki ga tudu uku a jere kamar duwatsun murhu, da babban kogi a ƙasansu, garin mai kangon jan dutse yana gindinsu. Ki ba kangon baya, ki bi hanyar da ke haurawa. Za ki wuce ’yar gada ta dutse, sannan jan akwatin wasiƙa da aka dasa a cikin katanga, sannan itatuwa biyu da iska ta tanƙwara gefe ɗaya. Ƙyauren yana bayan su. Ki rufe shi. Gidan fari ne, rufinsa baƙi. In kin ɓace kada ki tambayi waya, ki shiga inda tsofaffi ke shan shayi ki ce ina Hamish mai tumaki, wanda wani baƙin mutum mai babbar riga ya karɓi haihuwar tunkiyarsa. Ƙauye ba ya manta irin wannan. Kada ki je ke kaɗai, ki nemi abokiya, kuma ki gaya wa wani inda kika nufa.

Na sa miki ƙulli a balis, malfa ce da igiyar da na tuƙa da hannuna, da kanwa. Kin ce za a ƙwace kanwar a filin jirgi. In sun ƙwace ki nemi gishirin lasa a can, kada ki shiga gidan hannu wofi. Ki fara gaishe da tsohuwar, ki ce mai ture miya yana neman gafara. In ta ba ki miya ki sha. Sannan ki ce wa Hamisu: Garba ya ce tunkiyar da duk abin da ta haifa, da abin da suka haifa, nasa ne halak malak, ya sayar, ya yanka, ya yi kyauta. Ba na son ko silin gashi. Na kwance shi. Abin da nake ta ƙoƙarin faɗa ke nan shekara bakwai.

Na san abin da za ki ce, yayanki ya riga ya faɗa da Turanci yana zaton ban ji ba, wai an sayar da ita tun kakar farko, mutumin ma ya manta. Mai yiwuwa ne. In haka ne na yafe tun yanzu. Amma ku ba ku ga idonsa ba lokacin da yake haɗiye goron nan. Kuma kada ki ce sai kin zauna, sai an yi hutu. Tunkiya mai shekara bakwai haƙoranta sun fara zubewa. Hamisu ya girme ni. Ni kuma kin san abin da likita ya ce game da zuciyata, ke kika fassara. Mu uku ne a cikin maganar nan, ba wanda yake da lokacin jira.

Ki riƙe salla. Akwai masallaci kusa da jami'a, na yi Juma'a a ciki. Ki kira uwarki ko ba ki da abin faɗa. Ƙasa ce mai kyau da mutanen kirki za ki, ki buɗe ido ki gan ta fiye da yadda taurin kai ya bar ni na gan ta. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum, ya ba ki abin da kika je nema, ya dawo mana da ke lafiya. Allah ya yi miki albarka.

Ubanki,
Garba.

Malam, kada ka rufe biro, saura kaɗan.

Uwata, gobe bayan an ci abinci ki karanta wannan a gaban uwarki da yayanki, da ƙarfi, kada ki tsallake ko layi ɗaya. Zan ajiye ambulan ukun nan a kan tebur. Ba faɗa nake nema ba. Mutum ɗaya ya dube ni ya gaya mini wa ya ce a ɓoye, kuma wa da wa suka sani. In ke ma kin sani, ki faɗa kafin ki hau jirgi. Sannan in kin isa gidan nan fari, ki kira ni ki sa wa Hamisu wayar a kunne. Ba sai kin fassara ba. Zan ce Garba, in ji abin da zai ce. Yana raye? Tana raye? Ya jira ni ko bai jira ba? Ba na son “Oke, Baba.” Shekara bakwai ina tambaya. Wani ya amsa mini.